Wasan Cikin Gida da Yara Masu Nakasa a Ƙasar Guci

Wasan cikin gida, wato duk abin da ake yi da yaro tsakanin ɗakin uwa da tsakar gida da zaure don ya taɓa, ya ji, ya gani, ya motsa jiki, tsohuwar al'ada ce a ƙauyukan kudancin Damagaram. Yaro mai lafiya yakan ratsa wannan mataki ne ya wuce zuwa dandali. Makaho kuwa, ko kurma, ko gurgu, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni tun wurin haihuwa, sau da yawa nan ne iyakar filin wasansa har ya girma. Shi ya sa tarihin wannan wasa yake tafe da tarihin yadda jama'a suka ɗauki yaro mai nakasa, wanda suka jawo cikin sa'o'insa da wanda suka bari a kan tabarma.

Guci ƙaramar hukuma ce ta karkara a jihar Damagaram, kudu maso gabas da birnin Zinder. Tana ƙarƙashin Magarya har zuwa 2011, shekarar da aka ɗaga Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta, aka haɗa mata Guci da Malawa da Dogo-Dogo. Ƙasa ce ta jigawa da fadama, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, inda Hausawa manoma ke zaune tare da Fulani da Barebari. Dungas da Waca da Mirriya su ake kira ƙasashen Sosebaki, kuma a ƙarni na 19 sarautar Damagaram ta rinjaye su, musamman a zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884. Faransawa sun kama Zinder a 1899. Iyakar da suka shata da Turawan Ingila a farkon ƙarni na 20 ta bar Magarya da Dungas a hannun Faransa, Daura da Kazaure da Gumel a hannun Ingila. Hukuma ta rabu, harshen makaranta ya rabu, amma reno da wasan yara suka ci gaba da zama iri ɗaya a gefen nan da gefen can. Abin da aka rubuta a kan yaran Kano ko na Zazzau, kamar wasanni da waƙoƙin 'yan mata da Baba ta Karo ta ba Mary Smith labarinsu a littafin da aka buga a 1954, yakan haska abin da ke gudana a Guci.

Gidan ƙauye a wannan yanki ba a rufe yake ba. Daga zaure sai tsakar gida mai rairayi, kewaye da danga ko katangar laka, ga rumfa, ga rumbu, ga turken awaki, ga murhu da randa a gefe. Ɗaki na kwana ne da ajiya. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yara kan fake a rumfa daga hantsi har la'asar. A hunturu kuma ƙura da sanyi su tura su cikin ɗaki ko gefen wuta. Yaron da ke zaune a nan yana taɓa rairayi mai sanyi da safe mai zafi da rana, yana jin dusa da ƙaiƙayi da tsabar gero a tafin hannu, yana shaƙar hayaƙi da daddawa, kunnensa kuma bai rabu da ƙarar turmi ba tun asuba.

Wasan yana farawa tun kwanakin jego. Ungozoma ko kaka ce ke wankan jariri da ruwan ɗumi, ta miƙe masa hannuwa da ƙafafu, ta lanƙwasa su, ta shafe shi da mai tana tausa. Daga nan sai goyo. Jaririn da ke bayan uwa yana jijjiga duk lokacin da ta ɗaga taɓarya, yana sunkuyawa idan ta sunkuya shara, yana karkata idan ta ja guga, kuma a haka wuyansa da bayansa ke koyon riƙe kansu. Ana yi masa tawai, a ɗaga shi sama a sauke ana masa waƙa. Idan ya kai watannin zama a sa shi cikin babbar ƙwarya ko daro, a tokare shi da tsummoki. Idan ya fara tsayuwa a riƙe masa hannu biyu ana yi masa tatata, ko a sa kafinta ya yi masa keken koyon tafiya na katako mai ƙafa uku. Da rarrafe yaro kan tashi, in ji masu magana, kuma matan gida suna lura da kowane mataki sosai.

Ba uwa kaɗai ke wannan aiki ba, wani lokaci ma ba ita ce kan gaba ba. Kunyar ɗan fari takan hana yarinya mai haihuwar farko yi wa ɗanta wasa a gaban mutane. Kaka ce ke da wannan 'yanci, ita da ke kiran jikanta namiji maigida, mace kuma kishiya, ta tsokane shi, ta yi masa cakulkuli, ta karɓe shi lokacin yaye. Sai kuma 'yar reno, yaya ko ƙanwar uwa mai shekara bakwai ko takwas, wadda ke yawo da shi gida-gida. A hannun waɗannan ake fara gane cewa akwai matsala. Wuyan yaro bai tsaya ba alhali sa'o'insa suna zama. Kwano ya faɗi bai waiwaya ba. An kaɗa masa ludayi a gaban ido bai bi shi da kallo ba.

Yawancin nakasar yara a wannan ƙasa ciwo ne ya kawo ta, kuma cututtukan sanannu ne. Agana ta makantar da mutane da yawa kafin a kawar da ita daga Afirka ta Yamma a 1970. Ƙyanda, idan ta haɗu da ƙarancin abinci mai gina jiki, tana cin ido. Amosanin ido, wanda ke juya gashin ido ciki ya riƙa gogar ƙwayar, ya daɗe yana damun jihar Damagaram. Sanƙarau yana zuwa da ƙurar rani: annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum fiye da 250,000 a ƙasashen Sahel, ta kashe kimanin 25,000, kuma a cikin waɗanda ke tsira daga wannan ciwo har kusan ɗaya cikin biyar kan tashi da kurumta ko wani rauni na ƙwaƙwalwa. Sai a 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso. Shan inna ya bar guragu a kusan kowane gari kafin a bayyana Afirka ta rabu da ƙwayarsa ta asali ranar 25 ga Agusta 2020. Doguwar naƙuda, shawarar jarirai da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai su ne har yanzu ke barin yara da sandarewar gaɓɓai ko farfaɗiya.

Fassarar da mutane suka yi wa waɗannan lalurori ita ta yanke wa kowane yaro rabonsa na wasa. A tsohon imani na bori, ƙafar da ta shanye aikin Inna ne, a nemi mai girka ya roƙe ta. Yaron da jikinsa ya saki, bai zama bai magana, wasu kan ce ɗan ruwa ne, aljanu suka musanya shi. Wannan zance ya cutar da yara da iyaye mata ƙwarai, domin yaron da ake shakkar mutum ne ba a yi masa tawai. Koyarwar Musulunci ta ja zuwa wata hanyar: nakasa ƙaddara ce da jarrabawa, mai ita mutum ne cikakke, kula da shi lada ne. Malamai kan kawo labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabi mai kiran salla a Madina, wanda farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa. A gida ɗaya ana iya samun fassarorin biyu suna ja-in-ja, kaka da tata, malamin zaure da tasa.

A manyan garuruwan Hausa masu nakasa suna da tsarinsu tun da daɗewa. Akwai Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, kowanne da mutanensa da hurumin sasanta rikicinsu, kuma a Kano har unguwa makafi suke da ita. A Zinder, unguwar Kara-Kara ta samo asali ne daga wurin da aka keɓe wa kutare da waɗanda gari ya ƙi, ita ce Aisha Macky ta ɗauki fim a kanta a 2021. Wannan tsari ya ba manya murya da abin dogaro, sai dai ginshiƙinsa bara ne, kuma yaro bai samu komai na wasa a ciki ba. Ƙaramin makaho yakan koyi waƙar bara da wuri, ɗan makaho mai gani kuma ya zama ɗan jagora tun yana shekarun langa.

A tsakar gida lamarin ya fi sauƙi, musamman ga makaho. Da dare, bayan an ci tuwo, tatsuniya da kacici-kacici na kunne ne da baki, kuma a duhun da babu fitila shi da mai gani duk ɗaya suke. Yana gane gidan da tafin ƙafa da ƙara: inda rairayi ya ƙare daɓe ya fara, inda randa take saboda sanyin ƙasa, inda turke yake saboda motsin akuya. Caki, ƙaramin duma mai tsakuwa a ciki, shi ne abin wasansa na farko, kuma idan an gangara masa shi a ƙasa yana bin sa da rarrafe. A makarantar allo yana zama cikin yara ya haddace da ka abin da suke karantawa da ido, hanyar da ta fitar da alarammomi makafi da mawaƙa irin Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda ya rasu a 1990.

Dara ta cancanci a tsaya a kanta, ko da yake wasan manya ce da yara maza ke kwaikwayo a zaure. Ana tona gurabe 30 a ƙasa, layi 5 kowanne da gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗayan ya ɗauki guntayen kara ko tsinke. Bayan an gama zubawa sai a riƙa matsar da ɗa gurbi ɗaya, wanda ya jera uku ya cire ɗaya daga na abokinsa. Da yake gurbi rami ne, 'ya'yan kuma siffarsu daban, hannu kaɗai ya isa ya karanta filin gaba ɗaya, ya san nasa ya san na abokin karawa. A zaune ake yin ta, don haka gurgu ba ya bayan kowa, kuma babu buƙatar magana, don haka kurma ma yana ciki. Ba don masu nakasa aka ƙirƙiro ta ba, amma da wuya a samu wasan da ya karɓe su kamar ita.

Kurma yana shiga wasa ta ido da ta jijjigar jiki. Lugude, inda mata biyu ko uku ke daka a turmi ɗaya suna jefa taɓarya sama suna tafi, yana jin sa a ƙasa da ƙirji. Haka kiɗan ruwa: a cika babbar ƙwarya da ruwa, a kifa ƙarama a kai tana yawo, a riƙa bugun ta da 'yan sanduna. Yaron da ya ɗora tafin hannu a gefen babbar ƙwaryar yana jin kowane bugu yana ratsa ruwan zuwa yatsunsa, yana kuma ganin ruwan na rawa. Shantu, dogon duman da mata ke bugawa a cinya da tafin hannu cikin ɗaki, shi ma hakan yake. A gaɗa, yarinya kurma tana bin tafin da ido, ta san lokacin da za ta saki jiki ta faɗa baya a hannun ƙawaye su cilla ta. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu ko maganar bebaye, wanda ba daga Turai ya zo ba, kuma masu ji da yawa a kasuwa da ƙauye suna iya ɗan taɓawa. Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta fitar da littafi a kansa a 2000. Yaron ƙauye da ba shi da wani kurma kusa yakan ƙirƙiro alamunsa ne tare da 'yan gidansu, mafi yawa a wurin wasa.

Gurgu ya fi jin rashi idan wata ya fito aka tafi dandali, domin langa da kokawa da tsere na ƙafa ne. A gida kuwa yana da carafke, inda ake watsa tsakuwa sama a tare da bayan hannu, a kwashe na ƙasa kafin wadda aka jefa ta sauko. Yana da ginin shanu da raƙuma na yumɓu, da ƙera mota da ɓargon kara, da ɗinkin 'yar tsana, da lilo idan akwai bishiya a gidan. Hannun da ke ɗaukar nauyin jiki kullum yakan yi ƙarfi da ƙwarewa, kuma daga irin wannan wasa da yawa suka wuce zuwa ɗinki, dukanci, saƙar tabarma ko gyaran rediyo.

Waɗanda al'adar ta gaza a kansu su ne masu sandarewar gaɓɓai, da masu jinkirin fahimta, da waɗanda a yau kafafen labarai ke cewa suna da galahanga. Yaron da ba ya iya riƙe tsakuwa, ko ba ya gane juyi ya zo kansa, ko ƙarar turmi ke sa shi toshe kunne yana kuka, wasannin da aka ambata ba su yi tanadinsa ba. Goyo kan ci gaba har ya yi wa uwa nauyi, daga nan sai kwanciya. Wasu iyaye kan ɓoye shi a ɗaki don gudun baki da tsegumi, idan ya fita kuma yara su bi shi da tsokana. Kwanciya wuri ɗaya tana ƙara sandarar da gaɓɓai, tana kawo gyambo a baya da ƙugu, shiru kuma yana daƙushe ɗan abin da yaron zai iya koya. Mai farfaɗiya ya samu nasa zaluncin daban: an yi imani yawunsa na yaɗa ciwon, saboda haka ake hana yara cin abinci ko wasa da shi, a gudu idan ta tashi. Wannan kuskure ne tsantsa. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, haɗarinta na gaske shi ne faɗawa wuta ko ruwa lokacin da kowa ya watse, kuma magani mai araha yana tsayar da ita ga yawancin masu ita.

Tunanin mayar da taɓawa da motsi hanyar koyar da irin waɗannan yara da gangan ya taso ne a Faransa. Edouard Séguin, wanda ya fitar da littafinsa a 1846, ya nuna cewa yaron da ake cewa ba ya koyuwa yana koyo idan aka fara da hannu da tsoka kafin harafi. Maria Montessori ta ɗauko daga aikinsa ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907. A Amurka, Jean Ayres ta fitar da littafi a 1972 kan yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa saƙonnin fata da tsoka da ma'aunin daidaito na cikin kunne, ta yi amfani da lilo da abubuwan gangarawa wajen jiyya. A shekarun 1970 kuma Ad Verheul da Jan Hulsegge suka fara shirya ɗakuna na musamman a Holan, masu fitilu masu laushi da ƙamshi da kiɗa, don masu nakasa mai tsanani. Ɗakunan nan suna da tsada, kuma hujjar amfaninsu ba ta kai yadda ake tallarsu ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta faɗa a 2012 cewa binciken da ke goyon bayan jiyya irin ta Ayres taƙaitacce ne.

Babu ɗaya daga cikin wannan da ya iso kudancin Damagaram a zamanin mulkin mallaka. Zinder ta riƙe matsayin babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, amma lakwal, wato makarantun boko, kaɗan ne, na 'ya'yan sarakuna da masu lafiya. 'Yan mishan sun fi mayar da hankali ga asibiti da kuturta, kamar Galmi da aka buɗe a 1950 da Danja kusa da Maraɗi. A gefen Najeriya aka fara makarantar makafi a Gindiri a 1953, Andrew Foster, Ba'amurke baƙar fata kuma kurma, ya buɗe ta kurame a Ibadan a 1960, Kano kuma ta samu ta Tudun Maliki a 1977. Nijar ta bi baya da makarantar makafi ta Soli Abdurahaman da ta kurame ta Hasan Bana Ba a Yamai, daga baya aka samu na kurame a Maraɗi da Zinder. Alamun hannu da ake koyarwa a waɗannan makarantu tushensu na Amurka ne, ta hanyar ɗaliban Foster, sun bambanta da maganar hannun da yaro ya taso da ita a gida. Dokoki ma sun zo: dokar 93-012 ta 2 ga Maris 1993 kan kare masu nakasa, dokar tsarin ilimi ta 1998 da ta ambaci ilimi na musamman, amincewa da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2008, da sabuwar doka a 2019. Duka a birni aka fi jin tasirinsu.

Ta ƙofar tamowa wasa ya shigo wannan yanki a matsayin magani. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kuma tun wannan shekara take aiki a Magarya. Sashen yara na asibitin Magarya ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma irinsa. A daminar 2018, lokacin da zazzaɓi da tamowa suka haɗu, yaran da ke kwance a lokaci guda sun haura 700. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999 kan jinyar tamowa mai tsanani ta sa wasa da nuna ƙauna cikin matakan jinya, ta ce a ware minti 15 zuwa 30 kowace rana ana wasa da yaro, da kayan da aka haɗa daga tarkacen gida. Dalili shi ne yaron da tamowa ta kama yakan yi shiru, ya daina kuka da dariya da miƙa hannu, uwa ta ga ba ya amsawa ita ma ta daina yi masa magana, ƙwaƙwalwa ta tsaya a daidai lokacin da ta fi saurin girma.

Hujjar wannan mataki mai ƙarfi ce. A Kingston ta Jamaika, daga 1986, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun bi yara 129 da suka tsumbure. Wasu aka ba su ƙarin madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako, shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta da kayan wasa na gida. Bayan shekara 20 aka sake neman su, rahoton da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Abin da ya yi aiki a nan uwa ce da ke amsa wa ɗanta, kayan kuwa gwangwani ne da murfin kwalba da tsumma.

A sassan da ake kira CRENI, inda ake kwantar da masu tamowa mai tsanani, wannan darasi yakan ɗauki siffa mai sauƙi. A shimfiɗa tabarma, iyaye mata su zauna da 'ya'yansu, a zuba tsakuwa a gorar roba a ɗaure bakinta ta zama caki, a jera kofuna ɗaya cikin ɗaya, a ɓoye cokali ƙarƙashin zane yaro ya nemo. Matan Guci da Dungas da Magarya ba baƙin waɗannan abubuwa ba ne. Sabon abu a wurinsu shi ne ma'aikacin likita ya ce wannan ma magani ne, a yi shi kullum, kuma a yi wa yaron da ba ya amsawa fiye da wanda ke amsawa. Yara masu sandarewar gaɓɓai suna yawan faɗawa tamowa saboda wahalar tauna da haɗiya, don haka a irin wannan zama ne uwa da yawa ke fara jin cewa ɗanta ba ɗan ruwa ba ne, rauni ne a ƙwaƙwalwa, kuma zaunar da shi da motsa shi na iya ƙara masa iyawa.

Kayan da irin wannan yaro ke buƙata a gida ba su fi ƙarfin kafintan ƙauye ba. David Werner ya tattara su a littafinsa na 1987 kan yara masu nakasa a karkara, daga aikin da aka yi a wani ƙauye na Meziko: kujerar kusurwa mai riƙe baya da ƙugu don yaro ya zauna ya saki hannuwansa su yi wasa, sanduna biyu a kafe a jere don koyon tsayuwa da taku, buhu cike da ƙaiƙayi a kwantar da shi rub-da-ciki a kai ya koyi ɗaga kai, lilo na zane mai zurfi wanda ba ya faɗuwa daga ciki. Ƙwarya cike da rairayi ko wake, da aka binne ludayi a ciki, tana sa yatsun da suka dunƙule su buɗe. Sharaɗin shi ne babba ya kasance kusa, domin wake da tsakuwa suna shiga hanci da kunne da maƙogwaro, kuma yaron da ƙara ko taɓawa ke firgita shi ana bin sa ne a hankali, a tsaya idan ya ƙi.

Gidan kansa yana sauyawa. Inda aka samu hali siminti ya maye gurbin rairayi, roba ta maye gurbin ƙwarya, injin niƙa ya rage lugude. Kayan wasa na roba suna shigowa daga Kano ta Ɓaɓura da Maigatari. 'Yar reno tana lakwal ko tana talla, wanda hakan ya rage hannun da ke ɗaukar yaro, wayar hannu kuma ta zama abin da ake miƙa wa wanda ba ya tashi don ya yi shiru. Guragu su suka fi cin ribar zamani: keken hannu ya fitar da su daga gida, kuma tun 1988 suna da ƙwallonsu, wadda Misbahu Lawan Didi na Kano ya ƙirƙiro, ana buga ta da hannu a zaune kan katako mai tayoyi. Tiyatar gyaran ƙafa ta yara tana samuwa a asibitin CURE da aka buɗe a Yamai a 2010, tafiyar kusan kilomita 900 daga Zinder. Masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai na asibiti a manyan birane suke. A ƙauyukan Guci, mai sandarewar gaɓɓai da mai jinkirin fahimta har yanzu suna hannun uwa da kaka da yayye, sai ma'aikacin ɗakin shan magani da wakilan lafiya na gari da ke zagayawa gida-gida lokacin allura da awon tamowa.